Gambun zaure ya tsufa: yaya za a gyara shi?

Ɗan'uwa mai karatu, yau in ka koma gida, kada ka yi saurin shiga. Tsaya a bakin zaure ka dubi gambunka, wanda wasu ke ce ma ƙyaure. Dube shi tun daga sama har ƙasa. Fentinsa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa? Katakon ya koma launin toka? In ka shafa hannu, sartse na kama ka? Da damana sai ka sa kafaɗa kafin ya rufu, da rani kuma haske na shigowa ta tsaguwa? To, gambunka ya gaji. Amma sau da yawa bai mutu ba. Kwana 4 na aiki da gwangwanin fenti guda suna iya ƙara masa shekaru.

Abin da ya sa gyaran ya kamata, a ƙasarmu ba mu da dajin katako. Yawancin katakon da kafintoci ke aiki da shi a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, daga kudu motoci ke kawo shi, daga Najeriya, Benin, Gana da Kodibuwa. Kuɗin mota da kuɗin kwastan duk suna cikin farashinsa. Manya suna tune da watan Janairu na shekarar 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi, kayan waje suka hau. Itatuwanmu masu ƙarfi kuma, kamar kirya da giginya, ba a sare su yadda aka ga dama, sai da izinin ma'aikatan daji. Saboda haka sabon gambu kuɗi ne masu yawa. Tsohon da ubanka ya bari kuwa, wataƙila katakonsa ya fi wanda za ka samu a kasuwa yau.

Mi ke cin gambu?

Rana ce ta farko. Haskenta yana ƙona fuskar katako sannu a hankali. Fuskar ta yi fari-fari, ta koma toka-toka, ta yi gashi. Wannan ɓarnar ba ta da zurfi. In ka kankare kaɗan, za ka tarar da katako mai kyau a ƙarƙashi.

Ruwa ne babban abokin gaba. Ka san yadda karan dawa yake: in ka tsoma gindinsa a ruwa, ruwan zai hau ta cikinsa, alhali ɓawonsa bai jiƙe ba. Katako ma haka yake. Kamar damin ƙananan karare ne da aka ɗaure, duk suna kallon wuri guda. Ta gefe, ruwa yana shiga da ƙyar. Ta bakin da zarto ya yanke kuwa, shan ruwa yake yi kamar tsumma. Ina bakin nan yake a jikin gambu? Yana can sama inda idonka ba ya kai, yana kuma can ƙasa kusa da dokin ƙofa. Wurare biyun nan su ne kusan kowa ke mantawa da su ranar shafa fenti. Ana shafe fuska ta yi kyau don masu wucewa, a bar ƙasan gambu tsirara. Damana ta zo, ruwa ya kwanta a bakin zaure, gambu ya sha ya ƙoshi. Ruwan ya hau ta ciki, ya tura fenti daga baya, fenti ya kumbura ya fashe. Shi ya sa kake ganin lalacewar gambu daga ƙasa take farawa.

In zaurenka gabas yake kallo, abin ya fi tsanani. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska ta watsa ruwa a jikin gambu. Magina sun san haka tun kaka da kakanni, don bangon gabas ne ke fara zaizayewa.

Sai kumburi da tsukewa. Da damana iska na ɗauke da laima, katako ya sha ya kumbura. Da ɗari da bazara iska ta bushe ƙayau, katako ya tsuke. Kowace shekara haka, har haɗin da kafinta ya yi ya saki, ƙusa ta yi sako-sako. Ita kuma gara tana jiran katakon da ya taɓa ƙasa.

Fara da bincike

Kafin ka kashe ko dala guda, ɗauki ƙusa babba ko tsinin wuƙa. Soki katakon a wurare da yawa, musamman ƙasa da kusa da hinji, wato ƙarafan da gambu ke juyawa a kansu. In tsinin ya tsaya, katako na da rai. In ya nutse kamar ka soki rogo dafaffe, wurin ya ruɓe. Fenti ba ya warkar da ruɓa. Sai kafinta ya yanke wurin ya sa sabon guntu.

Sannan ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Katako mai lafiya yana amsawa da ƙarfi. Wanda gara ta cinye cikinsa yana ƙara kamar ƙwarya. Dubi madogaran ƙofa su ma, ko akwai hanyar ƙasa da gara ta gina a jikinsu. In ka gyara gambu ka bar gara a madogari, ka yi aikin baban giwa.

In ruɓa ta kama rabin gambu, kada ka wahalar da kanka. In tafin hannu ɗaya ne ko biyu daga ƙasa, gyara ya fi.

Wane lokaci?

Ni a ganina, babu kamar bayan kaka, ƙarshen watan Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, katako ya bushe, ƙurar hunturu ba ta kankama ba, kuma an sayar da ɗan wake ko gyaɗa, akwai abin sayen fenti. Da damana katako na da ruwa a ciki, in ka rufe shi da fenti ka kulle ruwan ke nan. Cikin hunturu ƙura za ta zauna bisa ɗanyen fenti, gambu ya fito da kaushi kamar bangon laka. Da bazara zafi na wuce digiri 40, saman fenti ya bushe da sauri, cikinsa na nan ɗanye, ya tattare.

Wannan na bazara na gani da idona. Shekarar da na yi aure na so gidana ya yi kyau kafin a kawo amarya. Na sayi fenti mai araha wajen wani mai shago, na tsinka shi da fetur don ya yi yawa. Ban cire gambu ba, ban kankare tsohon fenti ba. Da rana tsaka cikin watan Afirilu na labta masa shuɗi. Ranar biki ya yi ƙyalli, baƙi suka yaba. Damana guda ta wuce, fenti ya tashi ƙuraje-ƙuraje, yara na ɓare shi da farce. Surukina ya zo gaisuwa, ya tsaya ya dubi gambu, bai ce komi ba. Da ma ya yi magana, da ya fi mani sauƙi. Araha ba ta ado.

Cire gambu

Nemi wanda zai kama maka, don gambu na da nauyi. Ku cire shi, ku shimfiɗa shi bisa benci biyu ko bisa bulo, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa. Wasu za su ce a shafa shi a tsaye ya fi sauƙi. Gaskiya ne, amma a tsaye ba za ka taɓa kai wa ga bakin ƙasa ba, kuma don shi ake wannan aikin.

Ka yi tunanin dare tun da wuri. Gida ba ya kwana a buɗe, ga awaki, ga ɓarayi. Ko dai ka tanadi zana ko kwano da za a kare ƙofa da shi, wani ya kwana a zaure, ko kuma ku riƙa maida gambu kowane dare ku cire da safe. Cire kuba da sakata da mariƙi, ka zuba ƙusoshinsu cikin gwangwani guda don kada su ɓata cikin rairai.

Kankara: nan ne aikin yake

Sabon fenti yana kama abin da ya tarar ne. In ya tarar da tsohon fenti mai ɓarewa, tare za su faɗi. In ya tarar da ƙura ko maiƙon hannu, ba zai kama ba. Don haka kwana guda cur na kankara da guga ne. Kafintoci na amfani da makankarin ƙarfe. Tsohuwar wuƙa mai faɗi ma tana yi. Wasu na amfani da fasasshen gilashi, yana kankara da kyau, amma yana yankan hannu, kuma ɓaraguzansa na zuba inda yara ke tafiya ba takalmi. Ni ba na son shi.

Duk fentin da ya ɗaga, cire shi. Wanda ya kama ƙam har wuƙa ba ta ɗaga shi ba, ka iya barinsa, sai dai ka goge ƙyallinsa.

A nan ka saurara da kyau, ɗan'uwa, ke ma uwar gida ki saurara. Akwai fentin mai da ake haɗawa da dalma, musamman masu launin ɗorawa, ja da tsanwa. Ido ba ya gane wanda ke da ita. Dalma guba ce. Ƙurarta in ta shiga cikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya kasa koyo, kuma ɓarnar ba ta komawa. Tana cutar da mai ciki da abin da ke cikinta. A shekarar 2010, a ƙauyukan Zamfara ta Najeriya, maƙwabtanmu, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Can daga dutse ta fito, nan daga fenti, amma gubar guda ce.

Saboda haka kada a yi kankara a tsakar gida, inda ake daka da girki. A kori yara da kaji daga wurin. Shimfiɗa tsohon buhu ko leda a ƙasa don ta tare abin da ke zuba. Yayyafa ruwa kaɗan bisa tsohon fenti kafin ka kankare, don ƙura ta kwanta. Rufe hanci da baki. Kada ka ƙona fenti da wuta don ya yi saurin fita, hayaƙin ya fi ƙurar illa. In ka gama, ƙulle ɓaraguzan cikin leda, ka kai su inda yaro ko dabba ba za su tona ba, nesa da rijiya. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka fasa goro, ka kuma wanke rigar aikin ita kaɗai.

Bayan kankara, bari katako ya bushe, sai guga da takardar yashi, wadda kafintoci ke ce ma sanfefa. Juya bayanta, za ka ga lamba. Ga amfanin karatu! Ƙaramar lamba, yashi mai kaushi. Babbar lamba, yashi mai laushi. Fara da lamba 80 don cire tokar nan da rana ta bari. Bi da lamba 120 don sumulce wurin. Ajiye lamba 180 ko 220 don gaba. Naɗe takardar a jikin guntun katako mai faɗi, hannunka ba zai gaji ba, kuma ba za ka yi rami ba. Ka riƙa bin tsawon katako, yadda jijiyoyinsa suka tafi. In ka gitta su, zanen zai fito ƙarƙashin fenti. Kusurwa mai kaifi kuma ka ɗan dasashe ta, domin fenti ba ya zama bisa kaifi. Daga nan share ƙura sarai da tsumma.

Tsaguwa da ramuka

Ƙananan ramuka da tsaguwar da ke cikin katako guda, ga maganinsu. Roƙi garin katako mai laushi wajen kafinta, ka kwaɓa shi da farin gam na katako har ya yi kauri kamar tuwo. Cusa shi da wuƙa, ka bari ya ɗan yi tudu, don zai shanye in ya bushe. Washegari ka goge.

Amma tsagar da ke tsakanin katako biyu daban take. Ita ce wurin numfashin gambu. Da rani ta buɗe, da damana ta rufe. In ka cika ta da abu mai tauri, damana za ta matse shi ya faɗo, ko kuma gambu ya kumbura ya ƙi rufuwa. Na ga wanda ya cika ta da siminti, bai kai wata 3 ba ya zube. In tsagar ta dame ka, kafinta ya buga siririn katako a kanta, da ƙusa a gefe guda kawai, don na ƙasan su samu damar motsi.

In ramin ƙusar hinji ya yi faɗi, fere ƴan itace kamar tsinken ashana, ka shafa masu gam, ka cusa, ka bari su bushe, ka maida ƙusa. Ƙarafan kuma a goge tsatsarsu da takardar yashi.

Dubi kuma yadda gambu ke zama bisa dokin ƙofa. Ya kamata a samu rata kamar kaurin yatsa, wajen santimita 1, don kada ya taɓa ƙasa. Sai dai kada ka yi saurin rage gefen gambu don ya matse da damana. In ka rage da yawa, da rani ƙadangare zai shiga ta wurin.

Fenti ko berni?

Berni shi ne ruwan nan mai haske da ke sa katako ƙyalli, ana ganin jijiyoyinsa. Yana da kyau ƙwarai bisa jan katako kamar maɗaci. Amma haske na ratsa shi, rana ta ci gaba da ƙona katako a ƙarƙashinsa, shi kuma ya fashe ya ɓare. A ranar ƙasarmu, gambun waje mai berni sai an riƙa sabunta shi kusan kowace shekara. In gambunka na cikin inuwar rumfa, kuma jan katako ne, to ka iya sa berni na waje. In rana na dukansa, ko farin katako ne mara ƙarfi, sa masa fenti. Launin da ke cikin fenti shi ke tare rana, kamar yadda malfa ke tare kai.

Fenti iri biyu za ka tarar a shago, na ruwa da na mai. Na ruwan da aka saba sayarwa na bango ne. Gambu na mai yake so. Karanta jikin gwangwani, ko ka sa ɗan lakwal ya karanta maka in da faransanci aka rubuta. In akwai wanda aka rubuta ba shi da dalma, shi za ka ɗauka ko da ya ɗan fi tsada. Launi mai haske ya fi mai duhu, domin baƙi da shuɗi mai duhu suna jan zafi, katako ya yi ta tsagewa.

Nawa za ka saya? Mu yi lissafi. Gambu mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 80, fuskarsa guda mita murabba'i 1 da digo 6 ce. Fuska biyu, 3 da digo 2. Shafa uku, 9 da digo 6. Lita guda ta fenti tana shafe wajen mita murabba'i 10. Ke nan lita guda da ƙyar za ta kai. Tsohon katako kuwa na da ƙishi, ga gefuna, ga madogarai. Ƙara rabin lita hankalinka ya kwanta.

Akwai masu shafa ma gambu baƙin man mota don korar gara. Man nan yana da guba, yana ɓata tufafin duk mai wucewa, kuma katakon da ya sha shi fenti ba ya kama shi da kyau. In kana da niyyar fenti, kada ka fara.

Shafa

Motsa fenti da sanda har ƙasan gwangwani, don launi a can yake kwanciya. Shafar farko ita ce tushe. Akwai fenti na musamman don shafar farko. In ba ka samu ba, ɗebi naka ka tsinka shi kaɗan da ruwan tsinka fentin mai, wanda masu shago ke ce ma diliyan ko tina: awo 1 na ruwan cikin awo 10 na fenti. Haka zai shiga cikin katako ya kama. Kada ka sa fetur kamar yadda na yi. Kada a sha taba ko a hura wuta kusa.

Fara da bakin ƙasa da bakin sama. Shafa, ka jira ya shanye, ka sake shafawa, har sai katako ya daina sha. Daga nan gefuna, daga nan fuska. Gambu fuska 6 gare shi: gaba, baya, dama, hagu, sama da ƙasa. Duk a shafe su. In ka shafe gaba ka bar baya, gefe guda zai riƙa shan laima ɗayan bai sha ba, gambu ya lanƙwashe.

Tsoma kan buroshi kawai, ka ja shi bisa tsawon katako. Shafa siririya sau 3 ta fi mai kauri sau guda. Mai kauri na zubar da hawaye, kuma cikinta ba ya bushewa. Yi aikin da hantsi, cikin inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye don ƙura ta kwanta. Bari kowace shafa ta kwana, awa 24. Sauri ya haifi nawa. Kafin shafa ta biyu da ta uku, goga sama-sama da lamba 180 ko 220, ka share.

Bayan shafa ta ƙarshe, ko da fenti ya bushe a hannu, bai yi ƙwari ba sai bayan kwanaki. Ku maida gambu a hankali. Ɗiga ɗan mai a hinji. Kwanakin farko kada a buga shi da ƙarfi, don fentin gefe na iya mannewa da madogari.

Tsumman da ya sha fenti ko mai, kada ka dunƙule shi ka jefa a lungu. Irin wannan tsumma yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. Shanya shi a fili ya bushe tukuna. Gwangwanin fenti kuma, kome kyansa, kada ya zama na ɗiban ruwa ko na zuba fura. Huda gindinsa da ƙusa tun kafin yara su ɗauke shi.

Saura abu guda, ka ɗaga kai ka dubi indararo. In bisa ƙofa yake zuba, sa magini ya kauda shi gefe. Ƴar rumfar kwano bisa ƙofa, ko da faɗinta rabin mita ne, tana tare ruwa da ranar tsaka. Ƙasar bakin zaure kuma a yi mata gangare zuwa waje. Fentin da ya rage, rufe shi ƙam ka ajiye inda yara ba su kai. Kowace shekara cikin watan Mayu, kafin ruwan farko, durƙusa ka shafa hannu a ƙasan gambu. In ka ji katako tsirara, ɗauko sauran fentin nan ka shafe wurin.